Michael Faraday

Michael Faraday (22 ga Satumba, 1791 – 25 ga Agusta, 1867) masanin kimiyya ne ɗan ƙasar Ingila wanda ya yi fice a binciken wutar lantarki, maganaɗisu da sinadarai. Shi ne ya fara nuna cewa wutar lantarki tana iya juya abu ba tsayawa, kuma shi ya gano cewa maganaɗisu mai motsi yana haifar da wuta a cikin waya. A kan waɗannan abubuwa biyu aka gina injin lantarki, janareta da taransfoma. Haka kuma ya gwada cewa rufin ƙarfe yana kare abin da ke cikinsa daga wutar da ke waje, abin da ake kira kejin Faraday, wanda har yau ake amfani da shi wajen kare kwamfuta da sauran na'urori daga katsalandan ɗin wutar lantarki. Faraday ɗan maƙeri ne, bai yi jami'a ba, kuma iliminsa na lissafi bai yi zurfi ba.

Farkon rayuwa

An haife shi a Newington Butts, wani ƙauye da yanzu ya shige cikin kudancin birnin Landan. Mahaifinsa James Faraday maƙeri ne da ya taso daga yankin Westmorland a arewacin Ingila ya zo neman aiki, mahaifiyarsa kuma sunanta Margaret. Michael shi ne na uku cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifin ba shi da cikakkiyar lafiya, ba kullum yake iya zama a maƙera ba, saboda haka gidan ya sha fama da rashi. Karatun da yaron ya samu a makaranta bai wuce koyon karatu, rubutu da ɗan lissafi ba.

Iyalin mabiya wata ƙaramar ɗariƙar Kirista ce da ake kira Sandemaniya, wadda ta ɓalle daga cocin Sikotilan a ƙarni na 18. Mabiyanta sun ɗauki tara dukiya da neman girma a matsayin abin gudu, kuma wannan tarbiyya ta bi Faraday har ƙarshen rayuwarsa.

Koyon sana'a

A shekarar 1804 ya fara aikin ɗan aike a shagon George Riebau, mai sayar da littattafai da ɗinka su a titin Blandford. Bayan shekara guda, yana da shekara 14, Riebau ya ɗauke shi ɗan koyo na tsawon shekara bakwai. Littattafan da ake kawowa a ɗinka su suka zama makarantarsa. Ya karanta bayanin wutar lantarki a kundin Encyclopaedia Britannica, da littafin Jane Marcet mai suna Conversations on Chemistry, wanda ya koya masa tushen ilimin sinadarai. Da 'yan kuɗin da yake samu ya riƙa sayen kwalabe da wayoyi yana gwada abin da ya karanta. Daga 1810, shekarar da mahaifinsa ya rasu, ya fara halartar laccocin da wani maƙerin azurfa mai suna John Tatum yake gabatarwa a gidansa ga matasa masu sha'awar kimiyya.

A 1812 wani mai zuwa shagon, William Dance, ya ba shi tikitin shiga laccocin Humphry Davy a cibiyar Royal Institution. Davy shi ne masanin sinadarai mafi shahara a Ingila a lokacin. Faraday ya rubuta abin da ya ji dalla-dalla, ya yi zane-zane, ya ɗinka su littafi mai shafi kusan 300, ya aika wa Davy tare da roƙon aiki. A wannan tsakanin wani sinadari ya fashe ya ji wa Davy ciwo a ido, sai ya kira Faraday ya taya shi rubutu na 'yan kwanaki. Da aka kori wani ma'aikacin ɗakin gwaji saboda faɗa, aka ba Faraday gurbinsa a ranar 1 ga Maris, 1813. Aikin farko da aka ba shi shi ne wanke kwalabe, gyara kayan gwaji da shirya su kafin lacca.

Tafiya Turai

A watan Oktoba na 1813 Davy ya tafi rangadin ƙasashen Turai da matarsa, ya tafi da Faraday. Hadimin Davy ya ƙi bin su, sai aikin hidima ya faɗa kan Faraday a kan aikinsa na mataimaki. Matar Davy, Jane Apreece, ta ɗauke shi bara, wani lokaci takan sa ya ci abinci tare da bayin gida, abin da ya ɓata masa rai har ya yi tunanin barin kimiyya. Duk da haka tafiyar ta amfane shi. A Faris ya haɗu da André-Marie Ampère, a Milan ya ga Alessandro Volta wanda ya ƙirƙiro batir, a Florence kuma ya taya Davy ƙona lu'ulu'u da hasken rana ta cikin babban gilashi don a nuna cewa asalinsa ɗaya da gawayi. Sun dawo Landan a watan Afrilu na 1815.

Ayyukansa a fannin sinadarai

Shekarun farko na aikinsa sun fi karkata ga sinadarai. Ya yi gwaje-gwaje kan gauraya ƙarfe da wasu ma'adinai don samun baƙin ƙarfe mai ƙwari. A 1823 ya mayar da iskar kulorin ruwa ta hanyar matsi da sanyi. A 1825 ya gano sinadarin benzin a cikin ragowar man da ake yin iskar fitila da shi, sinadarin da daga baya ya zama tushen rini da magunguna masu yawa. A wannan shekarar aka naɗa shi shugaban ɗakin gwaji na Royal Institution. Ya kuma shafe shekaru yana neman hanyar yin gilashin madubin hangen nesa mai inganci, aikin da bai ba shi sakamakon da aka so ba a lokacin.

Wutar lantarki da maganaɗisu

A 1820 wani masani ɗan ƙasar Danmak, Hans Christian Ørsted, ya lura cewa idan wuta tana bi ta cikin waya, allurar kamfas da ke kusa takan karkata. Wannan ya nuna akwai dangantaka tsakanin lantarki da maganaɗisu. A watan Satumba na 1821 Faraday ya kafa sandar maganaɗisu a tsakiyar kofi mai zaiba, ya rataya waya bakinta yana taɓa zaibar, ya haɗa da batir. Wayar ta kama zagaya maganaɗisun ba tsayawa. Wannan shi ne kakan duk injinan lantarki masu juyawa, daga fanka har injin niƙa.

Ya buga sakamakon cikin hanzari ba tare da ambaton William Wollaston ba, wanda shi ma ya taɓa tattauna irin wannan gwaji da Davy. Aka zarge shi da satar tunani, kuma dangantakarsa da Davy ta yi tsami. Lokacin da aka gabatar da sunansa don zama ɗan ƙungiyar masana ta Royal Society, Davy, wanda yake shugabanta, ya nuna adawa. Duk da haka an zaɓe shi a 1824.

Tambayar da ta tsaya masa a rai ita ce, tunda lantarki yana haifar da maganaɗisu, ko maganaɗisu ma zai haifar da lantarki. Ya gwada sau da yawa bai ga komai ba. A ranar 29 ga Agusta, 1831 ya ɗauki zoben ƙarfe mai faɗin inci shida, ya naɗa wayar jan ƙarfe a gefe ɗaya, ya naɗa wata daban a ɗaya gefen, ya raba su da zare da ƙyalle don kada su taɓa juna. Ya haɗa ta farko da batir, ta biyu kuma da ma'aunin wuta mai allura. A daidai lokacin da ya haɗa batir allurar ta motsa sannan ta koma wurinta, da ya cire kuma ta sake motsawa zuwa ɗaya ɓangaren. Muddin wutar tana tafiya daidai ba canji, allurar ba ta motsi. A nan ya gane abin da ya ɓoye masa a baya: sauyin ƙarfin maganaɗisu ne yake haifar da wuta a wayar da ke kusa. Wannan zobe shi ne taransfoma ta farko.

A watan Oktoba na shekarar ya samu wuta ta hanyar tura sandar maganaɗisu cikin naɗaɗɗiyar waya da zaro ta, sannan ya juya faifan jan ƙarfe tsakanin bakin babban maganaɗisu ya samu wuta mai gudana, wato janareta na farko. Ya gabatar da sakamakon ga Royal Society a watan Nuwamba. A Amurka Joseph Henry ya gano irin wannan a kusan lokaci guda, amma Faraday ya riga shi bugawa.

Da yake ba gwanin lissafi ba ne, Faraday ya bayyana abin da ya gani da hoto. Idan aka barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda aka sa maganaɗisu a ƙarƙashinta, garin yakan jeru layi-layi daga wannan baki zuwa wancan. Ya kira su layukan ƙarfi, ya ce sun cika sararin da ke kewaye da maganaɗisu da kowace waya mai ɗauke da wuta, kuma duk wayar da ta yanke su sai wuta ta taso a cikinta. Masana da yawa na zamaninsa ba su ɗauki wannan bayani da muhimmanci ba. James Clerk Maxwell ne ya mayar da shi lissafi, ya fara da maƙalar da ya gabatar a 1855 da 1856, ya kammala da littafinsa na 1873. Heinrich Hertz ya tabbatar da hasashen Maxwell a 1887 da 1888, daga nan aka samu hanyar rediyo.

Sababbin kalmomi

A 1833 da 1834 Faraday ya binciki yadda wuta take raba sinadarai idan ta bi ta cikin ruwan gishiri da makamantansa, ya fitar da dokoki biyu da ke ɗauke da sunansa. Ya ga kalmomin da ake amfani da su a lokacin suna ɗauke da tsohon tunanin da bai yarda da shi ba, sai ya nemi shawarar William Whewell na jami'ar Cambridge, wanda ya san Girkanci sosai. Ta wasiƙun da suka yi musaya aka samu kalmomin anod da katod, ma'anarsu a Girkanci hanyar hawa da hanyar sauka, da kalmar ayon, wato mai tafiya. Faraday ya kuma shigo da kalmomin elektrod da elektrolait. Harsunan duniya da dama sun ari waɗannan kalmomi kusan yadda suke.

Kejin Faraday

Tun a 1755 Benjamin Franklin ya lura cewa idan aka ɗora wa gwangwanin ƙarfe cajin lantarki, abin da aka zura cikinsa ba ya jin komai. A watan Janairu na 1836 Faraday ya gwada wannan da jikinsa. Ya gina ɗaki na katako mai ƙafa 12 a tsawo, faɗi da tsayi a zauren lacca na Royal Institution, ya zagaye shi da wayar jan ƙarfe, ya rufe da takarda da fallen kuza. Aka ɗora wa ɗakin caji mai ƙarfi har tartsatsi yana tashi daga jikinsa ta waje. Faraday ya shiga ciki da kyandir da na'urorin auna caji, bai ga alamar komai ba.

Dalilin shi ne caji yakan taru a fatar ƙarfe ta waje, ya jera kansa ta yadda zai soke tasirin wutar a ciki. Ba dole rufin ya zama toshe ba, raga ma tana yi idan ramukanta ƙanana ne. Wannan ne ya sa mutumin da ke cikin mota mai jikin ƙarfe ko jirgin sama yakan tsira idan tsawa ta faɗo, ya sa wayar hannu takan rasa sabis a cikin lifta, kuma shi ya sa ake sa raga a ƙofar na'urar ɗumama abinci ta maikurowef.

Hidimar jama'a

Faraday ya ba koyar da jama'a muhimmanci. Yana cikin waɗanda suka kafa laccocin daren Juma'a da laccocin Kirsimeti na yara a Royal Institution, kuma ya gabatar da na Kirsimeti sau 19. Mafi shahara ita ce wadda ya yi kan kyandir, aka buga ta littafi a 1861. A 1833 ya zama farfesan sinadarai na cibiyar.

Daga 1836 zuwa 1865 ya kasance mai ba hukumar Trinity House shawara kan hasumiyoyin fitila da ke nuna wa jiragen ruwa hanya a bakin teku. A 1844 gwamnati ta tura shi tare da Charles Lyell su binciki fashewar da ta kashe mutum 95 a mahaƙar kwal ta Haswell, suka nuna cewa ƙurar kwal ta ƙara wa fashewar ƙarfi. A 1855 ya rubuta wa jaridar The Times wasiƙa kan ƙazantar kogin Thames. Lokacin yaƙin Kirimiya an nemi ya taimaka wajen haɗa iska mai guba, ya ƙi.

Iyali da hali

Ya auri Sarah Barnard, 'yar ɗariƙarsu, a ranar 12 ga Yuni, 1821. Ba su samu haihuwa ba, amma 'ya'yan 'yan uwansu sun zauna a wurinsu a ɗakunan saman Royal Institution. A 1840 aka zaɓe shi dattijon coci. Ya ƙi karɓar sarautar Sir, sau biyu kuma ya ƙi shugabancin Royal Society. Ya rage aikin ba kamfanoni shawara, wanda yake kawo masa kuɗi masu yawa, don ya samu lokacin bincike. Yakan rubuta kowane gwaji a littafinsa da lamba, har sakin layin suka haura 16,000.

Ƙarshen rayuwa

A 1839 lafiyarsa ta taɓu, jiri da mantuwa suka dame shi, ya yi shekaru bai yi aiki sosai ba. Da ya dawo, a watan Satumba na 1845 ya nuna cewa maganaɗisu yana tasiri a kan haske, ya yi amfani da gilashin da ya haɗa shekaru da suka wuce. A wannan shekarar ya gano cewa akwai abubuwan da maganaɗisu yake turewa maimakon ya jawo su. A 1858 ya koma wani gida a Hampton Court da Sarauniya Victoria ta ba shi. Mantuwar ta ci gaba da ƙaruwa har ya ajiye ayyukansa ɗaya bayan ɗaya. Ya mutu a gidan ranar 25 ga Agusta, 1867 yana da shekara 75. Tun yana raye ya ƙi a binne shi a Westminster Abbey inda ake binne manyan ƙasa, saboda haka aka binne shi a maƙabartar Highgate.

Tasirin aikinsa a yau

Kusan duk wutar da ake rarrabawa a duniya, in ban da ta hasken rana da batir, ana samar da ita ne ta hanyar da Faraday ya gano a 1831. Injinan madatsar Kainji suna juya maganaɗisu ne a tsakiyar naɗaɗɗun wayoyi, kuma taransfoma ce take ɗaga ƙarfin wutar da ke bin layin da ya tashi daga Katsina ya tsallaka iyaka zuwa yankin Maraɗi da Damagaram, ita ce kuma take rage shi kafin ya shiga gidaje.

Wannan doka ita ce kuma take jawo matsalar katsalandan tsakanin allon rarraba wuta da kwamfuta. Wutar Najeriya da Nijar tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka maganaɗisun da ke kewaye da manyan wayoyin allon yana sauyawa a kullum. Duk wayar da ke kusa takan zama kamar waya ta biyu a zoben Faraday, ƙaramar wuta ta taso a cikinta ko da ba a haɗa ta da komai ba. Saƙonnin da ke yawo cikin kwamfuta ba su wuce 'yan bolt ba, don haka ƙaramin kutse yana iya gurɓata su. Alamomin sun haɗa da rawar hoto a tsofaffin allunan kwamfuta masu ƙeya, gurnani a lasifika, da yankewar saƙo a wayar intanet. Abin yakan fi tsanani a lokacin da aka kunna babban inji ko aka sauya layi daga wutar NEPA zuwa janareta, domin sauyin yana zuwa ne farat ɗaya. A ofisoshi da shagunan kwamfuta na garuruwa irin su Jibiya, inda ɗaki ɗaya kan haɗa allon wuta, makunnin sauya layi da teburin aiki, wannan ba baƙon abu ba ne.

Maganin ma daga aikinsa ya fito. Akwatin ƙarfe na kwamfuta da na allon wuta, idan an haɗa su da wayar ƙasa yadda ya kamata, kejin Faraday ne. Haka ragar da ke lulluɓe da wayar eriya, wadda Oliver Heaviside ya yi wa rajista a 1880. Murɗa wayoyi biyu tare, dabarar da Alexander Graham Bell ya yi wa rajista a 1881 don wayar tarho, tana sa kutsen da ya shiga wani murɗi ya soke na gaba da shi, kuma ita ake bi a wayar intanet ta yau. Sai dai keji yana da iyaka: fallen alminiyam ko jan ƙarfe marar kauri ba ya tare maganaɗisun da ke sauyawa a hankali kamar na wutar gida. Don haka masu haɗa wuta suke ba da shawarar a nisanta kwamfuta daga allon, har da bayan bangon da yake jiki, tunda maganaɗisu yana ratsa bulo kuma ƙarfinsa yana raguwa da sauri idan aka yi nisa. Sukan kuma raba hanyar wayar wuta da ta saƙo, idan dole su haɗu a gicciya su, a wuraren da abin ya yi yawa kuma a yi amfani da baƙin ƙarfe mai kauri ko wayar gilashi mai ɗaukar saƙo da haske.

Karramawa

Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa a 1832. An sa wa ma'aunin adana caji suna farad don tunawa da shi, kuma taron masana lantarki na duniya da aka yi a Faris a 1881 ya amince da sunan. Hotonsa ya fito a takardar fam 20 ta Bankin Ingila daga 1991 zuwa 2001. Akwai allon tunawa da shi a Westminster Abbey kusa da kabarin Isaac Newton, kuma zoben ƙarfen da ya yi gwajin 1831 da shi yana ajiye a gidan tarihi na Royal Institution a Landan.